Kada a ƙwace wa mai wahala addu'arsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani furuci da ke ƙara yawa a bakin matasanmu a nan Kaduna, a majalisun bakin titi da teburan masu shayi da kuma shafukan Facebook. Duk lokacin da wata musiba ta auka wa jama'a aka ce a dage da addu'a, ba a rasa wanda zai ja tsaki ya ce, "Mu dai kullum addu'a, ga waɗanda ba su san alƙibla ba can suna zaune lafiya." Yawancin masu wannan magana yara ne masu salla, waɗanda suka tashi a gidajen mutunci, suka yi makarantar allo da Islamiyya, kuma saboda haka nake ganin kuskure ne a rufe musu baki da ta'awwuzi a wuce ba tare da an tsaya an ba su amsa ba.

Fushinsu yana da tushe. Yaron da aka haifa a garin nan a shekarar 2000 ya buɗe ido ne a cikin rikicin da ya raba Kaduna gida biyu, akasarin Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogi, akasarin Kirista suka koma kudancinsa. Yana ɗan shekara 2 aka rufe masaƙar KTL ta Kakuri, wadda tun daga 1957 take riƙe da dubban gidaje, kuma a wannan shekarar aka sake zubar da jini a garin. Yana ɗan shekara 11 aka yi rikicin bayan zaɓe. Da ya zama saurayi sai ga annobar garkuwa da mutane: a 2021 kaɗai an kwashi ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris, na jami'ar Greenfield a watan Afrilu, na sakandaren Bethel Baptist a watan Yuli. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja, mutane suna tsaye a tashar Rigasa suna jiran 'yan'uwansu, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, inda hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya gawa 85. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kora yaran makarantar Kuriga zuwa daji. A tsakiyar wannan duka aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, mudun masara ya gagari mai albashi. Bayan kowace ɗaya daga cikin waɗannan, abin da yaron ya ji a rediyo kusan iri ɗaya ne: ana yin iya ƙoƙari, jama'a su kwantar da hankalinsu, su ci gaba da addu'a.

Sai dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Matasan nan sun huce haushinsu a kan addu'a, alhali wanda ya ɓata musu rai shi ne mutumin da ya fake da ita. Kalmar "a yi addu'a" idan ta fito daga bakin wanda ke riƙe da kasafin kuɗi da jami'an tsaro, kuma bai haɗa ta da aiki ba, to guje wa amana ce da aka lulluɓe da rigar addini, domin sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 da ya rantse zai kare ya ce tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Magabata ba su raba biyun ba. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya ƙone Madina da kewayenta, Sayyidina Umar ya fita da jama'a sallar roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas, baffan Annabi (SAW), ya yi addu'a. Amma shi ɗin dai ne ya rubuta wa gwamnoninsa na larduna su aiko da abinci, ya tsaya a kan rabonsa, ya kuma haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu, ya lazimci gurasa da man zaitun har launin fatarsa ya sauya. Shugaban da ya yi wannan yana da bakin cewa a yi addu'a. Wanda bai yi ba, gara ya yi shiru ya nemi gafara.

Addu'ar wanda wahala ta danne kuwa wani abu ne daban, kuma ita nake so a bar masa. Mutumin da aka sace wa ɗa, ko aka ce masa ciwon matarsa ya wuce aikin likita, ko ya wayi gari ba ko kwabo ga yara suna kallon fuskarsa, ya riga ya ƙwanƙwasa duk ƙofar da ya sani. Wata an rufe, wata an ce ya dawo gobe, wata kuma sai da kuɗi ake shiga. Ƙofa ɗaya ce ba ta da maigadi, ba ta buƙatar takarda ko sanayya, kuma Mai ita da kansa ya ce a cikin Suratul Baƙara, aya ta 186, idan bayinsa suka yi tambaya a kansa, to Shi makusanci ne, yana amsa kiran mai kira idan ya kira Shi. A Suratun Namli, aya ta 62, Ya siffanta kansa da Mai amsa wa wanda ke cikin matsi idan ya roƙe Shi. Duk wanda ya ce wa irin wannan mutum addu'arsa ɓata lokaci ce, ya dubi abin da zai ba shi a madadinta kafin ya karɓe ta.

Na ga wannan a kusa. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da aka tare mijinta, direban motar haya, a hanyar Birnin Gwari aka shiga daji da shi tare da fasinjojinsa. Ya shafe makonni a hannunsu. Da rana gidan kamar kasuwa: ƙannensa suna neman mai sayen gonar gado, ana kai akuyoyi kara, limamin masallacinmu yana sanarwa bayan Magariba ana zagayawa da hula, mutanen dajin kuma suna bugo waya suna ƙara kuɗi, yau su ce a haɗo da katin waya, gobe su ce sai da babur. Da dare kowa ya watse sai ita. Maiɗakina, wadda take taya ta kwana, ta ce mini idan dare ya raba takan tashi ta yi alwala ta shimfiɗa dadduma, ta ajiye wayar a gefen inda take sa goshi domin kada a kira ba ta ji ba. Ba ta haddace dogayen addu'o'in Larabci ba. Da Hausa take magana, tana cewa, "Ya Allah, Kai Ka san inda yake, ni ban sani ba. In bai ci ba Ka ciyar da shi, in an doke shi Ka sanyaya masa, Ka sa tausayinsa a zuciyar wanda ke tsaronsa." Ta yi kuka har ta gaji. Da asuba kuma ta hura wuta ta soya ƙosanta na sayarwa, ta yi wa yara wanka ta tura su makaranta. Ni a ganina wannan tashin da take yi da safe daga waccan daddumar yake fitowa, domin ta sami inda za ta sauke kayan da ke kanta na 'yan sa'o'i kafin ta sake ɗauka.

Abin da ya fi ɓata mini rai a kwanakin shi ne masu zuwa jaje. Wata dattijuwa ta same ta tana hawaye ta ce mata, "Haba 'yar nan, ki daina, wannan ai rashin tawakkali ne." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma maganar ba ta da asali, kuma irinta ce ke sa mai baƙin ciki ya ɗauka cewa ko a gaban Ubangijinsa ma sai ya ɓoye ciwonsa. Annabi Yaƙub (AS) ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma da 'ya'yansa suka yi masa faɗa sai ya ce musu shi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. A ayar da ke biye, wato ta 87 a Suratu Yusuf, shi ɗin ne ya tura su su je su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa, ya hore su kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Kuka da fata da aika 'yan bincike duk sun haɗu a bakin tsoho ɗaya, kuma Alƙur'ani bai zarge shi da ko ɗaya ba. Annabi Ayuba (AS), wanda muke buga misali da haƙurinsa, bai ce lafiyarsa ƙalau ba. Ya ce cuta ta shafe shi, kuma Allah ne mafi jin ƙan masu jin ƙai. Shi kansa Manzon Allah (SAW), da ɗansa Ibrahim yake cikawa a hannunsa, hawaye sun zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi ba. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da tuhumar Allah a kan hukuncinsa.

Akwai kuma wani da ya zo gidan da labarin wani malami da zai ɗaure bakin 'yan bindigar idan aka kawo baƙin rago da kuɗin turare. Allah ya sa ƙanin mijin mai ido ne, ya sallame shi. Irin waɗannan 'yan tsibbu, da takwarorinsu da ke sayar da ruwan albarka da man shafawa a wasu gidajen addu'a, sun fi masu tsaki yi wa addu'a ɓarna, domin sun mayar da ita haja, sun kuma koya wa talaka cewa muryarsa ba ta isa sama sai ta bi ta aljihun wani. Neman addu'ar mutumin kirki abu ne mai kyau, amma mutumin kirki ba ya yanka farashi ga matar da ke sayar da gona don ta fanshi mijinta.

Mijin nata ya dawo, a rame, ƙafafunsa duk sun fashe. Amma a cikin waɗanda aka kama su tare akwai wanda bai dawo ba, kuma babu shakka iyalinsa ma sun raya dare kamar yadda ta raya. A nan ne tambayar matasanmu take da nauyi, kuma bai kamata malami ko marubuci ya kauce mata ba. Yaran Kuriga 137 sun dawo kafin watan ya ƙare, gari ya yi hamdala. Ɗalibai biyar na Greenfield kuwa gawarwakinsu aka tsinta, alhali iyayensu ba su gaza kowa roƙo ba. Mutanen Tudun Biri suna cikin yabon Annabi ajali ya same su. Idan muka koya wa jama'a cewa duk wanda ya yi addu'a da gaske sai ya ga abin da ya roƙa a hannunsa, to mun ɗora wa uwar da ta rasa ɗanta nauyi biyu, rashin ɗa da zargin kanta cewa imaninta ne bai kai ba. Wannan zalunci ne, kuma ba haka aka karantar da mu ba. Hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri ya bayyana cewa Musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunta a cikinta zai sami ɗayan uku: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonsa. Fiyayyen halitta ya binne shida daga cikin 'ya'yansa bakwai da ransa, Nana Faɗima ce kaɗai ta rage bayansa, ya kuma rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib a shekara guda. Da amsa addu'a na nufin kuɓuta daga rashi, da shi ne farkon wanda zai kuɓuta.

Saboda haka fatan da mai addu'a yake samu ya fi ƙarfin ciniki. Yana samun yaƙinin cewa an ji shi, cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba, cewa wanda ya zalunce shi a dajin da babu alƙali ba zai tsere wa hisabi ba, kuma cewa daren da yake ciki yana hannun Wanda ke da iko da wayewar gari. Alƙur'ani bai ɓoye cewa jiran yakan yi tsawo ba: aya ta 214 ta Suratul Baƙara ta ba da labarin mutanen da tsanani ya girgiza su har manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce yaushe ne taimakon Allah zai zo. Tambayar da yaranmu suke yi ke nan, sai dai su sun juya wa alƙibla baya suna yin ta, waɗancan kuwa sun fuskance ta. Wanda ya yanke ƙauna gaba ɗaya mun san inda yake ƙarewa a garin nan: ko a kangon da ake shan ƙwaya, ko a cikin masu ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ko kuma ya zauna a ɗaki ya daina magana da kowa.

Game da wannan na ƙarshen, ya kamata iyalai su sani cewa mutumin da ya fito daga hannun masu garkuwa yana firgita cikin barci, ko uwar da ta daina cin abinci bayan rashi, suna buƙatar likita kamar yadda suke buƙatar addu'a. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, tunda Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Ba kowane firgici ne aikin aljanu ba.

Zargin cewa masu addu'a ba sa motsi kuwa, tarihin garin nan na kwanan nan ya ƙaryata shi. Iyayen ɗaliban Afaka, Musulmi da Kirista, sun yi addu'a, kuma su ne suka tafi har ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja a watan Mayu na 2021 suna neman a dawo musu da 'ya'yansu. Iyayen yaran Bethel sun riƙa taruwa a harabar makarantar suna roƙon Allah, suna kuma fafutukar abin da za a yi a sako yaran. 'Yan'uwan fasinjojin jirgin ƙasa sun yi ta zanga-zanga da taron manema labarai wata da watanni, ba su bari an manta da mutanensu ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna a rikicin 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗayan ya rasa hannunsa, daga cikin addinin kowannensu suka samo ƙarfin da suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a nan Kaduna a tsakiyar shekarun 1990. Bahaushe yana cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ba aya ba ce, kada a jingina ta ga Alƙur'ani, amma ma'anarta ta dace da amsar da Annabi (SAW) ya ba mutumin da ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Ina kuma so masu mulki da masu kuɗin garin nan su tuna cewa addu'ar da suke tura talaka ya yi tana da kaifi biyu. Lokacin da Annabi (SAW) zai aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman a matsayin wakilinsa, cikin wasiyyar da ya yi masa har da cewa ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Tsohon ma'aikacin masaƙa da ya tsufa yana jiran haƙƙinsa, da bazawarar wanda ya mutu bai karɓa ba, su ma suna ɗaga hannu a sulusin dare, kuma ba alheri suke roƙa wa wanda ya danne musu gumi ba. A hadisin Muslim an ambaci matafiyin da ya yi buɗu-buɗu da ƙura yana ɗaga hannu yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da suturarsa haram ne, aka ce ta yaya za a amsa masa. Tara malamai a yi saukar Alƙur'ani don zaman lafiya da kuɗin da aka karkatar daga asibiti ko makaranta bai fita daga wannan gargaɗin ba.

Ga limamanmu da fastocinmu, roƙona shi ne su riƙa haɗa addu'ar taro da sanin halin waɗanda ake yi dominsu. Alƙunutu a sallolin farilla sunna ce idan musiba ta sauka, kuma mun ga yadda masallatan Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi suke cika da amin a irin waɗannan lokuta. Amma idan an sallame, liman ya san gida nawa ne a unguwarsa ba a ɗora tukunya ba, ya naɗa waɗanda za su riƙa leƙa matar da mijinta ke daji bayan 'yan jaje sun ɗauke ƙafa, ya kuma koya wa mata da tsofaffi cewa roƙon Allah da Hausa karɓaɓɓe ne, domin da yawansu suna jin kamar addu'arsu ba ta cika ba tunda ba su iya Larabci ba. Su kuma daina gaggawar cewa kowace musiba sakamakon zunubin waɗanda ta faɗa wa ne, ganin cewa hadisi ya tabbatar annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su koma Tudun Biri da Kuriga da layukan tsofaffin ma'aikatan masaƙa a Kakuri, ba sai ranar cika shekara ba. Su zauna da mutanen su tambaye su abin da ya riƙe su har suka kawo yau, su rubuta amsar da bakin masu ita, sannan su tambaye su alkawuran da aka yi musu, wanne aka cika, wanne kuma har yanzu suke jira, a buga mana duka biyun a shafi guda.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna.